Ragon da Ba Mu Yanka Ba

A gidanmu na Ƙofar Kibo, kakata Iya Hansai ba ta fara tatsuniya sai ta idar da sallah ta zauna bakin murhu tana gasa mana rogo. Mafaɗaciya ce, wanda ya yi gyangyaɗi sai ya ji muciya a haƙarƙarinsa. Har yau ina kewarta.

Akwai wadda ta fi son maimaitawa. Wai a kasuwar hatsi ta namun daji, masu awo suka riƙa bubbuga gindin mudu don awo ya ragu. Zaki ya naɗa Kura ta riƙa duba mudu. Aka yi ta kai mata gaisuwa, ita tana ƙiba mudu yana ramewa. Aka tuɓe ta aka naɗa Dila, shi kuma ya riƙa korar masu kyauta da zagi, gari ya ce ba shi da kunya, aka taru aka kore shi. Sai aka ba Bushiya. Ita duk wanda ya kawo mata abu, sai ta yi godiya a ƙofar gida, ta kira mabuƙata ta ce da ƙarfi, "Ku karɓi sadakar wane!" Washegari ta duba mudunsa kamar na kowa.

Na taɓa tambaya, "To Iya, ita me take ci?"

Ta ce, "Tuwon gidansu mana, ja'iri!"

Da na girma na sami aiki a hukumar yaƙi da cin hanci, tana sabuwa, mutane na cewa ita ma za ta bi sahun kwamitocin baya. Ana jibi Babbar Sallah, sai ga rago daga Alhaji Sule, aminin marigayi babana, alhali takardun kwangilar ɗansa suna kan teburina. In na mayar, na ci mutuncin uba. In na yanka, aikina da sunana sun tafi. Tsoro ya kama ni sosai.

Na sanar da shugabana ta waya. Bayan la'asar na ja ragon zuwa ƙofar masallaci, na roƙi mai unguwa ya ba Ladi, wata mai marayu huɗu, da sunan Alhaji. Aka yi ta sa wa Alhaji albarka, ni kuma na ci gaba da bincikena.

Bayan watanni aka kai ƙarata cewa na karɓi rago. Ranar zama, mai unguwa ya zo a adaidaita, Ladi na biye da shi riƙe da buzu.

Ta shimfiɗa shi gaban kwamiti ta ce, "Ga fatarsa, a kanta nake sallah. Malam ko ƙashi bai taɓa ba."

Aka wanke ni. Da na fito sai na zauna a dakali ina hamdala. Ina yaro na ɗauka wayon Bushiya ake yabo. A dakalin nan na gane cewa Iya ta san gaskiyar mutum ba ta isarsa in ba a gaban jama'a ya yi ta ba.