Gwangwanin Katin Cingam

Habu ɗan baffana shi ya sa aka cire ni daga makaranta, kuma ko baki bai buɗe ba. Kai kawai ya gyaɗa. Ga ni yau furfura ta fara fito mini, ina faci a bakin tashar Rogo, shi yana ofis a Kano, amma har gobe in aka ce "Ilu ɗan caca" a Kafin Dafga kowa ya san ni ake nufi. Ni da ban taɓa riƙe karta ba.

Abin da na riƙe katin cingam ne. Waɗanda suka taso lokacinmu sun san shi: cingam mai faɗi, in ka ɓare takardar sai ka tarar da ɗan kati a ciki da hoton ɗan ƙwallo. Ranar kasuwar Karaye duk yaron da aka aika sai ya san yadda ya yi ya dawo da ɗaya. Cingam ɗin ba wani daɗi gare shi ba, kana fara tauna zaƙin ya gudu. Katin muke so. Ba mu taɓa ganin mutanen nan suna wasa ba, mu muke raɗa musu suna: Mai Gemu, Dogon Wuya, Gola Mai Hula. In kati ya maimaitu a hannunka sai ka nemi musaya. Nawa a gwangwanin madara nake tarawa, na shimfiɗa tsumma a ƙasansa saboda danshi.

Kasuwar musayarmu a ɗakin Iya take ci, kakarmu ta wajen uba. Lokacin sanyi, da an idar da isha'i, sai ta hura wuta a tsakar ɗaki, ta tura dankali cikin toka, ta zubo mana gyaɗa a faifai. Ba ɓara, ba tatsuniya, dokarta ke nan. Ita ce kuma alƙaliyarmu. Duk musayar da aka yi a gabanta ta zauna, ba kuka, ba "ba ni kayana". Takan karɓi kati ta kai shi kusa da wuta ta ƙura masa ido.

"Wannan ƙaton da gajeren wando, uwarsa ta san haka ya fito?" Sai ta juyo kaina. "Kai kuma mai gidana, cefane ya gagare ka, sai hotunan ƙarti kake kawo mini."

Akwai wata tatsuniya da ta yi mana wadda ta ƙi barina. Ta ce mu rufe baki mu buɗe kunne, wata ta taso daga nesa. Wai da can bayan kunkuru sumul yake kamar na kwaɗo. Allah ya ɗora masa son tsingaro: duk inda tukunya ta fashe sai ya bi ya tsince masu zane, ya wanke, ya jera a raminsa. Maƙwabcinsa ƙadangare ya roƙi wani ja mai sheƙi, kunkuru ya hana. Rannan mata suka kai kuka wurin mai gari, wai tukwanensu suna yawan fashewa. Aka leƙa ramin kunkuru, ga tsingaro tuli. Mai gari ya dubi ƙadangare ya ce, "Kai ne maƙwabcinsa. Shi yake fasawa?" Ƙadangare ya gyaɗa kai kawai. Nan take aka dafa ƙaro aka manne wa kunkuru tsingaronsa duka a baya, har yau da su yake yawo.

Na ce, "Iya, shi kunkurun bai faɗa musu gaskiya ba?"

Ta ce, "Ya faɗa mana, har muryarsa ta dushe. Wa ya tsaya saurarensa? Ɓare gyaɗarka."

Habu ya fi kowa dariya ranar. Har rarrafe ya yi yana kwaikwayon ƙadangare.

Da damina Iya ta rasu, aka rufe ɗakinta. Kasuwarmu ta koma bayan rumbu. Nan Baba ya ritsa mu wata la'asar, mun yi da'ira a tsugune, kati baje a ƙasa, ana ta musu. Sauran yara suka watse, ya rage ni da Habu. Baba mutumin shanu ne da carbi, bai taɓa kallon karta kusa ba, abin da ya sani dai 'yan caca haka suke tsugunawa a bayan kasuwa. Ya ɗauki gwangwanina ya dubi Habu, don shi ne babba.

"Abubakar, wannan ita ce kartar da ake faɗa?"

Kwana kaɗan kafin nan Habu ya nemi Gola Mai Hula na hana shi. Ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya gyaɗa kai.

Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce a tambayi malaminmu. Baba ya ce boko ne ya koya mini caca, ga ƙarya a kai. Ya miƙa wa Habu gwangwanin ya ce ya jefa a masai, ni kuma washegari aka miƙa mini sanda na bi shanu, ina aji ɗaya na sakandare. Wadda za ta ce masa "Kai, hotunan ƙarti ne kawai" tana kabari.

Da ina yaro na ɗauka Iya tana ja mana kunne ne a kan rowa. Yanzu na gane ba haka ba ne. Tana gaya mana cewa in aka manna maka abu, kai ba ka isa ka ɓamɓare shi ba, hannunka ba ya kai wa bayanka. Gidan da na fara neman aure bincike suka yi suka ce a yi haƙuri. Baba bai taɓa ba ni saniya in kai kasuwa ba, sai ƙanena. Na gudo Rogo, sunan ya riga ni isowa. Yanzu Baba ya tsufa, ido ya tafi, amma duk ranar da na kai masa ɗana sai ya laluba kansa ya ce, "Allah ya raba ka da halin ubanka."

Watan jiya aka yi ɗaurin auren ƙanwarmu a gida, Habu ya zo da mota. Bayan an shafa fatiha na same shi a gindin darbejiya, matasa sun kewaye shi. Wani littafin hotuna yake buɗe musu, kowane kati a cikin ledarsa. Nawa ne. Har tabon tsatsar gwangwanin na gane. Yana ba su labari wai yanzu akwai masu tara irinsu, suna musaya ta waya, shi ma yana ciki. Da ya gan ni sai ya yi 'yar dariya, ya rufe littafin ya miƙo mini.

"Ilu, ka tuna yarinta? Karɓi abinka, in kana so."

Ban miƙa hannu ba. Na ce, "Yaya Habu, riƙe, ka fi ni wurin ajiya. Baba yana zaure, kunnensa ɗaya yana ji har yanzu. Tashi mu je ka tsuguna ka faɗa masa ba karta ba ce, ka faɗa da ƙarfi yadda zai ji. In ba za ka iya ba, ɗauki littafinka ka shiga motarka. Amma ranar da za a yi wa Baba sallar jana'iza, kada ka tsaya kusa da ni a sahu."