Shekarar da Gidan Kogi Ya Cinye Duka

Lokacin tsinkar tattasai, in sanyin kogi ya sauko bayan isha'i, Kaka Falmata takan hura wuta da ƙwallon goruba a bakin shanya, mu kewaye ta. Tattasai na shimfiɗe bayanmu ja wur, kowa na atishawa, amma ba mai tashi. Garinmu ƙarami ne a gaɓar Komadugu, gabas da Diffa. Da Barbarci Kaka take tatsuniya, sai in Hajjo na wurin ta juya Hausa, irin tata wadda namiji da mace duk "shi" ne.

Hajjo Bafillatana ce. Iyayenta na bin shanu har wajen Fulatari, shi ya sa suka ajiye ta gidanmu don lakwal, wato makarantar boko. Tabarma ɗaya muke kwana, ƙwarya ɗaya muke ci, kuma duk duniya ba wadda nake son kayarwa kamarta. Mushenmu, wato malaminmu, shi ne ya jawo. Ya raba lakwal gida biyu, Gidan Kogi na 'ya'yan Barebari manoma, Gidan Tudu na 'ya'yan Fulani. Duk ƙarshen shekara a yi gasa gaban iyaye: waƙa, wasan kwaikwayo da muke kira tiyatir, jawabi, gudu da kokawa. Kokawa tamu ce, ba gardama. Gudu kuwa, wa zai kamo ɗan Fillo? Amma inda ake ji da kai waƙa ce, don can ake wasan Fulani da Barebari na kaka da kakanni. Gida ɗaya ya jefo ba'a, ɗayan ya mayar nan take, wanda ya rasa amsa ya faɗi.

Ni ke jan baki a Gidan Kogi, Hajjo a nasu, kuma yarinyar nan bakinta reza. In na rera cewa Bafillace ya sayar da saniya ya zauna karɓar gaisuwar ta'aziyya, kafin in rufe baki ta mayar cewa Babarbare ko Aljanna aka kai shi, tambayarsa ta fari ita ce nawa buhun tattasai. Iyayenmu maza su yi ta dariya har rawani ya kwance. Ni kuwa in koma gida ina cin magani.

Wani dare a bakin wutar na ce, "Kaka, ni dai sau ɗaya tak, Gidan Kogi ya cinye duka."

"Kai, Yagana! Cinye duka ai ciwon ciki ne," in ji ta. Ta yafito Hajjo. "Matso, baiwata, kunnen Fillo ma ya sha."

"Baiwar wa, Kaka? Ku da muke saya da ƙwaryar nono?"

Kaka ta yi dariya har da tari, ta gyara itace. "Ga ta nan tafe, ta ƙetaro kogi." Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai makaɗa biyu ne, ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan. Kullum dare wannan ya buga, wancan ya amsa, 'yan matan gaɓa biyu na rawa, mutane na musun wa ya fi. Na wannan gaɓa ya gaji da musu. Ya tafi wurin tsohuwar kada mai riƙe da kogi, ya roƙe ta a ce shi kaɗai ne makaɗi. Kada ta ce, "Ka tabbata?" Ya ce ya tabbata. Ta ƙetara ta haɗiye gangar wancan. Da dare ya yi ya buga, ya dakata inda ya saba dakatawa. Shiru. Ashe duk kiɗan da ya iya rabi ne, da gurbin amsa aka gina shi. 'Yan mata suka ɗaga ƙafa suka rasa inda za su sauke ta, dandali ya watse. Ya koma da kuka ya ce a maido gangar. Kada ta ce, "Abin da na haɗiye ya riga ya zama kada."

"Sai me, Kaka?"

"Sai me kuwa? Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Tashi ku kwanta."

Ba ta yi mana daɗi ba, ba Gizo ba abin dariya. Na ɗauka faɗa ne take mini kan hassada, na share. Shekarar ma Hajjo ta sake rufe mini baki.

Shekarar da ta biyo ba a yi gasa ba. Masu bindiga suka fara ƙetaro kogi, aka ce kowa ya bar gaɓa. Muka bar tattasai a gona muka zube sansanin Assaga, bakin gudron, titin kwalta. Nan mahaifin Hajjo ya zo ya ɗauke ta. Tana tafe tana waiwaye tana cewa, "Ajiye baitinki, Babarbara, zan dawo in amsa!" Ban sake ganinta ba. Wasu sun ce arewa suka yi, wasu sun ce wajen tafki inda masu bindigar suka yi kaka-gida, kuma masu cewa tafki ba sa ƙara komai a kai. Kaka ta rasu cikin bukkar leda. Tun da muka zo ba ta sake tatsuniya ba, don ba a hura wuta a taru da dare.

Yanzu ni ke koyarwa a wata lakwal ta 'yan gudun hijira. Bara direktanmu, mutumin yamma mai kyakkyawar zuciya, ya ce a farfaɗo da gasa ko yara su wartsake. Na yi tsalle na ce a yi irin ta garinmu. Na san jini ya shiga tsakanin manoma da makiyaya a shekarun nan, kowa na zargin kowa, amma na ce ai wasan nan ne maganin. 'Ya'yan Fulani kaɗan suka rage mana. Na zaɓi wata ƙarama, Dija, na koya mata amsa da bakina, har yadda Hajjo ke karkata kai.

Ranar gasa yarana suka jefa baitin saniya da ta'aziyya. Ba wanda ya yi dariya. Dija ta buɗe baki, sai mahaifinta ya miƙe daga cikin iyaye. Ba faɗa ya yi ba, wallahi da faɗan ne da ya fi mini sauƙi.

"Madam, da a da ne, da kaina zan rama miki. Amma nawa shanun an kore su duka, kuma gaisuwar ba wanda ya zo mini."

Ya kama hannun 'yarsa ya fita, sauran Fulani suka bi shi da nasu. Aka ci gaba don kada taro ya watse. Gidan Kogi ya ci waƙa, ya ci tiyatir, ya ci jawabi, har gudu ya ci. Direkta ya miƙa mini tuta, aka tafa sama-sama, ni kuwa kunya da baƙin ciki suka hana ni ɗaga kai.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan. Makaɗin Kaka shi ya je ya roƙa, ana iya cewa alhakinsa ne ya kama shi. Mu wa ya tambaye mu ko mun tabbata? Abin da na fahimta kawai shi ne, sai hankali na kwance mutum ke iya zagin maƙwabcinsa su yi dariya tare, kuma ban san yadda ake koya wa yaro wannan a cikin aji ba. Da ina sa rai cewa in an koma gaɓa komai zai koma. Yanzu ba na faɗa wa kaina haka.

Dija ba ta dawo lakwal ba. Bana direkta ya ce ba sai an raba yara gida biyu ba, a yi gida ɗaya kawai. Ban yi masa gardama ba.