Gajere Ɗan Aike da Likkafanin Wansa

A zamanin da kogi ke kawo wa mutanen Maradun sabuwar laka kowace damina, su dasa albasa da taba a fadama ba da izinin kowa ba, an yi wani ɗan aiken hakimi da ake kira Gajere. Baƙin keke gare shi, da ƙa'ida guda da ya gada wurin ubansa: ɗan aike abin da ya gani yake faɗi, ba ya ƙara nasa sai an tambaye shi. Da wannan ya ci abinci har ya fara furfura.

Sai aka gina dam ɗin Bakolori, ruwa ya ci gonaki da gidaje. Manoman da aka tasa suka tare hanyar dam, cikinsu har da wansa Abdulmumini. Wani babban jami'in gwamnati ya sauka gidan hakimi, aka tura Gajere ya dubo su.

Ya iske dattawa ƙarƙashin tsamiya, kowa da ƙunshin farin ƙyalle a cinya.

"Yaya, mi ya sa ka fito da likkafaninka?"

"In bar shi ina, Gajere? Ɗakin da nike aje shi kifi na ciki. Bukkar da anka ba mu kuwa, gara ta cinye har tabarmar matata Batulu. Tun Makka nike tattalin abin ga." Ya yi dariya. "Gaishe min da masu kujera."

Gajere ya koma ya durƙusa gaban jami'in.

"Suna da makamai?"

"Ranka shi daɗe, sanduna da fartanya."

"Sai me?"

"Sai likkafani. Dattawan kowa da nashi."

Jami'in ya ajiye kofin shayi. Ya ce wanda ya fito da likkafaninsa ba gona yake nema ba, ya riga ya sallama ransa. Irin waɗannan 'yan ta'adda ne, ba a lallashinsu, in aka ƙyale su gobe wani ƙauyen zai yi koyi. Hakimi ya sunkuyar da kai. Gajere ya jira a ce masa, "Don me suka fito da shi?" Amsar tana bakinsa, amma ba wanda ya tambaya. Ya yi gyaran murya, dogari ya dafa kafaɗarsa, alamar an sallame shi.

Ya hau keke don ya gargaɗi wansa, ya tarar 'yan sanda sun rufe hanya da shinge. Washegari da hantsi manyan motoci cike da 'yan sanda suka wuce shi a bakin shingen, yana riƙe da keken. Daga nan ya ji ƙarar bindigogi.

Ba a ga Abdulmumini cikin waɗanda suka dawo ba, ba a gan shi cikin waɗanda aka binne ba. Gajere ya bar fada, ya kwashe Batulu da 'ya'yanta zuwa Bakura. Ya tsufa yana bin kasuwanni, daga Janbako har Morai, yana tambayar baƙi ko sun ga wani dogon dattijo mai wushirya. Batulu kuwa har ta rasu ba ta yi takaba ba. Ta ce ba wanda ya nuna mata kabari.