Neman Gauraki a Fadamar Gesheme

Dogon Dutsi

Gari bai waye ba muka fito, ni da mahaifina, muka nufi tasha. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Yanar ido ta rufe wa Baba idon dama, na hagu ma ya fara hazo, kuma likita ya ja ni gefe ya ce da wuya ya kai kaka yana gani. Ban gaya masa ba, amma ya sani. Abu ɗaya ya roƙe ni: in kai shi tabkin bayan Gesheme, inda ya yi ƙuruciya, ya ga gauraki. Bazara ce, ruwa ya ƙafe ko'ina sai can, tsuntsaye sun taru. Sai dai shamuwa ta riga ta sauka kan tsamiyar unguwarmu, kuma da ruwan farko ya zuba gauraki za su watse cikin daji. Abokin aikina Mushe Bulus, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ya aro mini madubin hangen nesa daga mishan ɗinsu, na naɗe shi cikin rawani.

Hanyar Tibiri

Kamiyon ɗaukar gyaɗa muka samu. Direba ya sa Baba gaba, ni na hau baya. Mota ta yi ta kafewa cikin rairayi, mu sauka mu tura, ni kuwa idona na gabas, inda hadari ke haɗuwa yana bajewa. Barewa biyu suka gitta gabanmu, na buga rufin mota ina kiran Baba. Kafin ya juyo sun shige sabara.

Da hantsi muka tarar da shingen jandarma. Shekarun nan ana tsananta bincike wajen iyaka. Babbansu ya kwance rawanin, ya juya madubin, ya tambayi abin da malamin lakwal zai hanga kusa da Najeriya. Na ce tsuntsaye. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce ya yarda, amma madubi zai zauna wurinsa sai mun dawo. Na yi magiya da Faransanci, na yi da Hausa, bai sauya ba. Da muka shiga Tibiri muka sauka gidan ƙanwar Baba, ta yi mana tuwon gero da miyar kuka, na kasa ci. Iska ta taso da la'asar, na yi ta fita ƙofa ina duban sama, har ta ce in zauna, na ishe ta da safa da marwa.

Gesheme

Washegari muka ari jakuna. Muka bi ta cikin gawo da goriba, burtu na tafiyarsa ta ƙasaita a gefen hanya, zabin daji na tsere. Baba ya kasa zama daidai kan jaki, kowane kuka ya ji sai ya tambaye ni mai shi.

Da yamma muka kai tabki. Ga kirinjijiya, ga dinya, ga zalɓe tsaye cikin laka, can ƙetare kuma ga gauraki. Na nuna masa. Ya kare ido da hannu ya daɗe, sannan ya ce, "Hayaƙi ɗai nike gani." Muka matsa, suka tashi. Muka zagaya, suka koma inda muka baro. Gumi ya jiƙa masa riga, ya zauna gindin giginya ya ce mu koma gida haka nan.

Wani Bafulatani mai suna Jauro, da rugarsu ke kusa, ya ga duk wahalar da muka sha. Ya kai mu masauki, matarsa ta dama mana fura da nono. Da ya ji labari, ya ce gauraki ba sa gudun shanu. In Baba zai iya sunkuyo, gobe ya shiga cikin garke.

Da sassafe Jauro ya ɗora wa Baba malfa, ya riƙe hannunsa, suka gangara tsakiyar shanu. Ni na tsaya nesa ina kallo. Garke ya kai bakin ruwa, gauraki ba su motsa ba. Na hangi malfar ta tsaya cak. Ɗaya daga cikinsu ta buɗe fukafukai tana tsalle gaban 'yar'uwarta, tsakaninta da Baba bai fi tsawon sanda biyu ba.

Da suka dawo fuskar Baba sharkaf take da hawaye. Na ce, "Baba, ka gani?"

Ya ce, "Har jan kumatun nata. Tukkun nan kamar zangarniyar gero. Tashi mu tahi, ɗana, na ƙoshi."

Komawa

Ruwa ya kama mu tun kafin Tibiri, muka shiga gari jiƙe, Baba na dariya. A shinge jandarman ya miƙo madubi ya tambaya ko tsoho ya ga tsuntsayensa. Baba ya tsaya ya kwatanta masa rawar da hannu, har direba ya gaji da jira. Muka iso Dogon Dutsi da magariba, mutane sun fita shuka.

Idon hagun ma ya rufe kafin a yanke gero. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah kuma ya saka wa Jauro da alheri, ya albarkaci garkensa.