Mai Shan Rake Ba Ya Jawabi

Ni dai karatuna bai wuce aji huɗu ba, shi ma rabinsa a fadama na yi shi, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan sai ya kai ƙarar malaminmu, Allah ya jiƙansa. Amma in ana maganar rake da 'yan siyasa, daga Kudan har Ikara ban ga wanda zai ja da ni ba.

A lodi na ƙare ƙuruciyata. Muna da fili a bakin titi, gefen Makarfi, inda manoma ke sauke damman rake daga fadamun Gubuchi da kewaye, mu kuma mu ɗora wa manyan motoci. Filin nan shi ne gonarmu, shi ne shagonmu. In babu shi, direba ba shi da wurin tsayawa, mu kuma ba mu da dalilin fitowa daga gida. Ƙungiya gare mu, da ciyaman da komai, kuma tun ina saurayi ƙuri'armu wuri ɗaya take zuwa, jam'iyyar talakawa. Ba sai na faɗi sunanta ba, ita ma ta sha canza shi.

Muna da wata al'ada. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, kafin ya ce uffan, za a shimfiɗa masa buhu a miƙa masa karan rake guda, ba wuƙa. Baƙi suna zaton gwajin haƙori ne. Ba haka ba ne. Dattijon da ya kafa ƙungiyarmu ne ya lura cewa ɗan siyasa, muddin bakinsa ba komai, kunnensa ba ya aiki. Mai shan rake kuwa ba ya jawabi. Kafin ya kai gaɓar ƙarshe mun gama zayyana masa damuwarmu, ya so ko ya ƙi. Da bayana ya daina ɗaukar dami, sai aka naɗa ni mai zaɓen kara da miƙa shi. Muƙami ne ba albashi, amma ban taɓa jin an tsige mai shi ba.

Na farkon da na gani daga jam'iyyarmu wani tela ne, a keke ya zo. Ya sha kara har gindi, ya nemi ƙari. Shekarar da aka tsare mu don mun ƙi lodi, tare da shi muka kwana a ɗaki ɗaya, sauro bai bambanta mu ba. Saboda mutumin nan na riƙe jam'iyyar, ko bayan da ta koma ta masu motoci da baƙin gilashi.

To, ana gab da wani zaɓe, sai muka wayi gari an shafa jan fenti a jikin rumfarmu da katangar da ke bayanta. Aka ce wai faɗaɗa hanya za a yi, filin lodi zai tashi. Ina za mu koma? Ba wanda ya sani. Wa ya aiko masu fentin? Shi ma ba wanda ya sani.

Ciyaman ɗinmu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka ba ma raga wa juna. Ya tara mu ya ce, “Bana rake ne zai yi zaɓe. Wanda ya ji maganar filin nan, shi ke da ƙuri'armu.” Sai ya juyo gare ni. “Kai kuma tsohon kwano, ka gaya wa naka ya wanke kunne.”

Na ce, “Namu da kunnensa aka haife shi. Ka ji da naku masu tumbi.”

Namu ne ya fara zuwa. Daga Zariya ya taso, mutum mai ilimi, an ce ya taɓa jagorantar ƙungiyar ma'aikatan ofis. Rigarsa ba ado ko ɗaya, amma ta sha guga har tana ɗaukar ido, kuma ni tun daga nan na fara shakkarsa. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannu yana cewa kwamared. Taubashina ya raɗa mini, “Barka, yau ka samu sarauta.”

Na zaɓo masa kara mai laushi, mai ruwa. Ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi godiya. Buhun da aka shimfiɗa kuwa ko kallonsa bai yi ba. Ya hau kan dami ya tsaya, ya ɗaga raken sama, ya shiga jawabi. Ya yi maganar bashin ƙasashen waje, ya yi ta 'yan jari-hujja, ya yi ta tsadar mai. Wallahi ban ji ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Sai dai yadda yake cewa “talaka yana shan wahala, talaka ya gaji”, sai ka ɗauka wani ne da bai samu halarta ba. Har waiwayawa na yi ko zan ga talakan yana tafe.

Raken nan ya koma sandar malamin makaranta. Ya nuna gabas da shi, ya nuna yamma. Sau ɗaya ma ya buga shi a jikin rumfa, daidai kan jan fentin, bai ko tambayi mene ne ba.

Na ja bakin rigarsa na ce, “Ranka ya daɗe, a sha rake.”

Ya ce, “Haba Baba, ba ranka ya daɗe tsakaninmu, duk ɗaya muke. Zan sha a mota.”

Ciyaman ya samu ya kutsa maganar fili. Mutumin ya saurara iya tsawon haɗiye yawu, sannan ya ce wannan ƙaramin reshe ne na babbar matsala, in aka gyara tsarin ƙasar gaba ɗaya, irin wannan ba za ta ƙara tasowa ba. Wani cikinmu ya tambaya, to kafin a gyara tsarin, a ina za a sauke raken Gubuchi? Aka yi dariya, shi ma ya yi. Aka ɗauki hoto, ya tafi da karansa.

Bayan 'yan kwanaki ɗaya ɗan takarar ya zo, wani alhaji mai motoci, wanda a zamanin mulkin mahaifinsa ne ma aka tsare mu. Na zaɓo masa kara mafi tsawo da tauri, wannan kuwa ikon ofishina ne. Mutumin nan ya tuɓe hula, ya naɗe hannun riga, ya zauna daram a kan buhu, ya kafa haƙori ya ɓare ɓawon tun daga sama har ƙasa a ja ɗaya. Jama'a suka ɗauki sowa. Ni ban yi ba. Na ce a raina, mutumin da ake yanka wa kankana a faranti, yaushe ya ƙware haka? Wannan ya kwana biyu yana atisaye a gida. Kuma bai zo da lasifika ba, bai zo da takardar jawabi ba. Wa ya gaya masa ba za a buƙace su ba? Na dubi taubashina, shi kuma ya dubi sama.

Ya yi ta sha, mu kuma muna ta faɗa. Yana gyaɗa kai, ruwan rake na bin gemunsa. Na tsura wa idonsa ido don in gane ko ji yake ko ƙirga kawunanmu yake, ban gane ba. Da ya gama, tambaya ɗaya ya yi: “Fentin nan daga ina ya fara, a ina ya tsaya?” Ya miƙe ya ce a nuna masa.

A nan ne na ga abin da har gobe ba wanda zai fitar mini da shi daga rai. Fentin ƙarshe yana bayan rumfar mai shayi, a lungu, wurin da ba a hango shi daga titi. Ciyaman ne ya kamata ya yi gaba. Amma ƙafar alhaji ce ta fara karya kwanar.

Da yamma na tare taubashina na ce, “Kai, mutumin nan ya san inda fenti ya tsaya tun kafin a nuna masa. Ba ka ganin shi ya aiko a shafa?”

Ya ce, “To in shi ya shafa, ai ya san yadda ake gogewa. Naka fa? Da sanda ya buge shi bai gan shi ba.”

Na ce masa tun yana yaro haka yake, ciki ne ke ja masa gora. Ya ce gara shi, ni kabarin tela ne ke ja mini.

Ranar zaɓe 'yan lodi suka bi alhaji, har waɗanda muka kwana a ɗaki ɗaya da su a wancan zamani. Ba su ce ya fi gaskiya ba, cewa suka yi ya zauna. Ni na dangwala wa jam'iyyata, ina kallon hoton ɗan takararmu a jikin bango, ga rakena a kafaɗarsa, ko gaɓa ɗaya ba a taɓa ba.

Filin bai tashi ba. Fentin ma ba a goge ba, damina ce ta yi ta wanke shi har ya kusa ɓacewa. Taubashina ya ce aikin alhaji ne. Ni na ce aikin hanyar ne ya kwanta, kamar yadda ayyuka ke kwantawa. Muna nan muna wannan musu, sai ga wani zaɓen ya ƙarato, kuma makon jiya muka wayi gari fentin ya dawo sabo fil, har yana wari.

Taubashina ya tsaya gaban fentin, bai yi mini tsiya ba ranar. Ya ce, “In naka ya zo bana, me za ka yi?”

Na ce kara zan miƙa masa kamar kullum, amma ba zan saki gindin ba sai ya zauna a kan buhu. In ya ja, in ja. Bayana ne ya mutu, hannuna yana nan.