Yatsun Yaya da Sabar Tashar Mota

Yayana ne ke kula da sabar tashar mota, wato kwamfutar da ke ƙuryar ofis tana tsara wa direbobi layin lodi. Ya daɗe yana lallaɓa tsohuwar manhajarta, har direbobi suka laƙaba masa Likita. Shi kuwa jinyar ta ishe shi. Ya koyi Rust, wani sabon yaren rubuta manhaja, ya shiga neman aiki da shi, ko'ina a ce sai gogagge.

"Yaren da ko yaye shi ba a yi ba," in ji shi, "a ina zan goge?"

Da na gama jami'a ban sami abin yi ba, sai nake yini a ofishinsa. Ana nan wani kamfani ya ba shi gwaji: ya rubuta shirin da zai yi wa saba ruwan buƙatu don a auna ƙarfinta, ya nuna musu ta bidiyo. A ƙa'ida, sabar gwaji ake yi wa haka. Amma da aka zo wurin adireshi, hannunsa ya buga wanda ya saba bugawa kullum, na tashar.

Da hantsi ya danna, shirin ya fara aiki. Mutumin kamfanin da ke yi masa tambayoyi ta bidiyo ya ce, "Kai, wannan akwai gudu!" Yaya ya washe baki.

Ashe ruwan buƙatun ya durƙusar da sabar tashar, a waje allon da ke nuna layin lodi ya ɗauke. Kowane direba ya ce shi ke da lodi. Muka ji ihu, muka ji fashewar gilashi, sai ƙofa ta ɓalle.

"Likita!" in ji wani ƙato da ake kira Birki, sifana a hannunsa. "Uban wa ka sayar wa layina?"

Sai a lokacin Yaya ya duba adireshin. Ya ce, "Ku tsaya in kashe!" Ya kai hannu kan madannai. Birki ya zaci shaida zai goge, ya sauke masa sifanar a kan yatsu. Ƙarar nan har yau tana kunnena. Wani ya kwaɗa masa kujera a ƙeya, suka ja shi ƙasa suna tattakawa. Ni na shige ƙarƙashin tebur, jininsa na gangarowa wajen gwiwata, a samana mutumin kamfani na ta cewa daga cikin kwamfuta, "Kana ji na? Kana ji na?"

Yatsu uku suka karye. Tasha ta sallame shi. Kamfanin ya ce shirinsa ba laifi, amma ba za su damƙa sabarsu ga wanda ba ya duba adireshi ba.

Yanzu a gida yake, hannu a naɗe, yana shirin wani gwajin. Shi ke faɗa, ni ke bugawa. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai in zabura in buga kuskure.

"Ƙanena," ya ce jiya, "ni aka karya, kai ke ɗingishi? Goge layin nan, ka sake."