Yatsun Baba Mai Gawa

Shekara ashirin da bakwai Baba Mai Gawa ya yi a ɗakin ƙasa na makarantar likitoci, inda ake ajiye gawarwakin da ɗalibai ke koyon jikin mutum da su. Aikinsa ya ɗura musu maganin hana ruɓewa, ya kwantar da su a kan tebur, ya feɗe hannu ko cinya ya fito da jijiyoyi fili kafin malami ya iso. Malami ya zo da farar rigarsa, ya nuna da tsinken ƙarfe, ɗalibai su rubuta. Baba yana can baya riƙe da bokiti.

Bai taɓa sa safar hannu ba. Cewa yake roba makantar da yatsa take yi. Jijiyar jini, in ka murza ta, za ka ji rami a cikinta. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa kuwa a cike take kamar zaren ɗinkin buhu. Ɗalibin da littafi ya kasa fahimtar da shi, Baba ke kama yatsansa ya ɗora, sai ga shi ya gane. Malamai duk sun san da hannu tsirara yake aiki. Ba wanda ya hana shi, tunda aikin na fita da kyau.

Maganin kuwa yana cinsa a hankali. Hancinsa ya fara mutuwa, matarsa ta ce ai shi ya huta, su aka bari da shan wari. Daga baya kan yatsun suka daina jin komai. Maɓallin riga ya gagare shi, sai 'yarsa ta ɓalla masa. Ya ɓoye wa makaranta, domin ranar da aka sani wuƙa ta bar hannunsa ke nan, kuma ban da ita bai iya komai ba.

Ana gobe jarrabawa ya raba babbar jijiyar dantsen wata gawa gida biyu, bai ma ji ba. Shugabar sashen ta kira shi ofis. Ita ma ta hannunsa ta bi. Shi ya yayyafa mata ruwa ranar da ta suma a gaban gawar farko da aka ba ta. Ta ce ya miƙo hannu ya rufe ido, ta ɗauko allura.

"Baba, kana ji?"

"Ina ji, Likita."

"Nan fa?"

"Sosai ma."

"To, buɗe idonka."

Allurar tana kan tebur. Ba ta ko taɓa shi ba tukuna.

Ta yi masa dogon bayani a kan jijiyoyin yatsu, waɗanda shi ya fara nuna mata su, ta ce ai da ya kula da kansa tun farko. Ta ƙara da cewa makaranta ba za ta manta da shi ba, za a duba lamarinsa. Baba ya ce ya gode.

Sati na zagayowa aka ba shi kujera a bakin ƙofar ɗakin gawarwakin, da tarin makullai. Har yau ana duba lamarin. Makullin ma sai ya kalli hannunsa kafin ya san yana riƙe da shi.